A-Yi-Haƙuri Mai Kushin

In ka shigo layin daga bakin titi, shi za ka fara gani, domin ba ya samun wurin zama a cikin shagonsa, kujerun mutane sun cinye shi. Kullum yana waje, a durƙushe gaban wata kujera da aka kifar ƙafafunta na kallon sama, ƙananan ƙusoshi a bakinsa, guduma a hannu, guntayen soso sun maƙale masa a gemu. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yakan farke tsohon yadi, ya ciro soson da ya mutu, ya ɗaure sifirin da ya saki, ya shimfiɗa sabon soso, ya ja yadi ya ɗame shi har sai ya daina tattarewa. Abin da yake tsinta a cikin kujerun jama'a kuwa ba a magana: cokula, 'yan kunne, mabuɗai, har da rimot ɗin talabijin da aka taɓa dukan yara saboda ɓatansa. Yana tara su a wani gwangwani har masu su su zo.

Sai dai ba da kushin aka san shi ba. Masu kushin suna da yawa a garin, wasu ma sun fi shi hannu, shi da kansa yakan faɗa. Da roƙo aka san shi. Ba roƙon abin hannun mutane ba, Allah ya sawwaƙe, mutumin da ko ruwa sai an matsa masa yake karɓa a gidan wani. Afuwa yake roƙa, kuma a madadin wasu. Duk wanda ya tafka ta a layin, ya rasa fuskar da zai tunkari wanda ya ɓata wa, sai ya lallaɓo shagon ya tsaya yana sosa ƙeya. Yara ne suka fara laƙaba masa A-Yi-Haƙuri. Manya suka tsawata musu, bayan ɗan lokaci su ma manyan suka ɗauka, har aka kai matsayin da in baƙo ya zo nemansa da sunansa na gaskiya sai a yi ta kallon-kallo.

A gida ya koya. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mutum mai zafin kai, wanda in ya dawo daga tafiya ba ya sake tashi sai ya ɓata da maƙwabci ɗaya ko biyu. Yau ya zagi mai famfo, gobe ya tokare ƙofar wani da motarsa. Da ya juya baya sai matarsa ta kira babban ɗanta, wato A-Yi-Haƙuri, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Je ka ba su haƙuri, ka ce ni na aiko ka." A bakin ƙofofin mutane ya girma. Kafin ya iya riƙe guduma ya riga ya san yadda fuskar mai fushi take sauka, da abin da ke sa ta ƙara ɗaurewa.

Ba ya zuwa wa mutum da safe yana saurin fita, ba ya zuwa masa da yunwa. Sai ya daidaici lokacin da aka ci aka ƙoshi. In an nuna masa kujera sai ya yi godiya ya nemi ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Daga nan sai ya saki mai fushi ya yi ta zuba, ba ya katse shi, ba ya gyara masa ko da ya ƙara gishiri, har sai maganar ta ƙare masa ya fara maimaita kansa. Sannan ya ɗago kaɗan ya ce, "Mun yi laifi." Ba ya cewa wane ya yi laifi. Yakan saka kansa a ciki, shi da ko wurin bai je ba. Sai ya yi shiru, shirun da ke sa mai gida ya fara gyara zama. Can sai ya ambaci tsohuwar uwar mai laifin, ko 'ya'yansa ƙanana. In an ƙi, ya yi godiya kamar an ba shi kyauta, ya ce gobe ma rana ce. A hanyar fita kuma sai ya danna kujerar falon da tafin hannu ya ce soson nan ya gaji, a aiko masa da ita.

Da haka ya mayar da direban da aka kora don ya yi wa maigidansa tsawa a gaban baƙi. Da haka ya hana a tashi wani ɗan haya da injin wutarsa ya hana mai gida barci. Har mutumin da ya manta surukarsa a tasha, ya dawo gida ya ci abinci ya kwanta, sai da yamma ya tuna, shi ma A-Yi-Haƙuri ne ya fitar da shi, ko da yake wannan sai da gwiwarsa ta gaya masa.

Yana jin haushi in aka ce masa mai naci. "Naci daban, magiya daban," yakan ce, ƙusoshi na rawa a leɓensa. "Mai naci so yake ka gaji da shi ka sallame shi. Mai magiya kuwa sauke kansa yake yi ƙasa, har ka ji kunyar taka shi. Kuma duk wanda ya je roƙo ya tsaya musun wa ke da gaskiya, to ya zauna a gida ya fi masa. Ni ba alƙali ba ne."

'Ya'yansa maza sun girma sun watse neman na kansu. Autarsa mace ce, ita kaɗai, kuma ta ɗebo kamannin uwarsa har da yadda take tamke baki in ranta ya ɓaci, shi ya sa yake kiranta Uwata. A shagon ta yi rarrafe. Da ta shiga makaranta, a kan tarin guntayen soso take zama ta yi aikin gida, tana jin sa yana bitar kalmomin da zai je ya faɗa wa wani da yamma. Ta haddace shi tsaf. Takan ɗauki murfin tukunya a matsayin hula ta durƙusa gaban uwarta, ta langaɓar da kai ta ce, "Mun yi laifi, ranki ya daɗe," uwar ta yi ta dariya har da hawaye, shi kuma ya yi kamar zai jefe ta da soso. Da ta gama karatu ta samu aikin koyar da 'yan ƙaramin aji a wata makaranta mai zaman kanta, layin ya koma kiranta Malama. Ya fi ta jin daɗin sunan. In ta wuce da safe da jakarta, sai ya dakata da aiki ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Wata rana wata yarinya 'yar ajin da take koyarwa ta koma gida da shatin yatsu a damtse, hannun ya kumbura ya yi jawur. Uwar yarinyar ta taho makaranta ta tara jama'a. Aka tambayi yarinya wa ya yi mata haka, ta ce Anti ce, wato Malama. Shugabar makaranta, don ta kashe wutar, ta ce Malama ta tafi gida sai an neme ta.

Mutanen layin nan ba sa iya riƙe magana ko ta minti ɗaya ce, balle irin wannan. Labari ya riga Malama isowa. Mai kantin kusa da shagon A-Yi-Haƙuri ne ya kawo masa, da ƙari a kai. Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa, ya shiga gida ya wanke hannu ya sa rigar fita.

Matarsa ta tare shi a ƙofa. "Baban yara, ka bari ta dawo mana, ka ji daga bakinta."

"Aikinta ne zai tafi," ya ce. "In aka kwana an ɗauki wata."

Shi da yake jiran mutum ya ci ya ƙoshi, ranar ko tsayawa ɗaura agogo bai yi ba. Tsoro ne ya kore shi, tsoron uba, kuma ba wanda zai zarge shi da wannan. Ya isa ofishin shugabar ya tarar uwar yarinyar tana nan, malamai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ya nemi ƙasa, ya cire hula. Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin roƙo mai kyau irin na ranar ba. Ya bar matar ta zazzage cikinta tas. Sannan ya ce, "Mun yi laifi, ranki ya daɗe. Yarinya ce, zuciya ce ta ɗebe ta, hannu ya zarce. Ni na haife ta, ni za a kama." Uwar yarinyar da ta zo da niyyar kai ƙara sai ga ta tana share ido tana cewa Baba ya tashi don Allah. Shugaba ta ce Malama ta dawo aiki gobe, amma a ja mata kunne.

Ya dawo gida da ledar lemu a hannu, yana tafe kamar an rage masa shekaru. Ya tarar da Malama zaune a tsakar gida, ko takalmi ba ta cire ba.

"An gama, Uwata. Gobe ki koma aikinki."

Ta ɗago. "Me ka ce musu, Baba?"

Ya maimaita mata, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"Ka ce musu na yi?"

"Ai ba a musu a wurin roƙo."

"Ban dake ta ba, Baba."

"To, ko kin yi ko ba ki yi ba, ai an yafe. Magana ta mutu."

Ta dube shi, ta tamke baki irin na uwarsa, ta tashi ta shige ɗaki. Lemun ya kwana a inda ya ajiye shi.

Ta koma aikin, amma bai yi tsawon rai ba. Iyaye suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna neman a sauya wa 'ya'yansu aji. Wa zai ga laifinsu? Uban da ya haife ta ne ya amsa da bakinsa a gaban mutane. Abokan aikinta suka koma yi mata magana a tausashe, kamar wadda ta tashi daga jinya. Kafin zangon ya ƙare ta ajiye aikin, ta samu wani a kantin sayar da littattafai a wani gari mai nisa, ta haɗa kayanta. Ba ta sake riƙe alli ba. A can ta yi aure, a can ta haihu.

Kada a ce ta yi masa rashin kunya, ba ta taɓa ba. Da ma ta yi, da ya san inda zai kama. In ta kira uwarta aka miƙa masa wayar, za ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi aiki, ta tambayi gwiwarsa, ta ce Allah ya ƙara lafiya, sai ta ce a ba Mama. Babu abin da ya ragu a gaisuwar, babu kuma abin da ya biyo bayanta. Sau da yawa matarsa ta so ta ba shi labarin abin da ya faru a ajin, domin ita ta sani, sai ya ɗaga hannu ya ce maganar da aka kashe a bar ta. Haka ya saba gaya wa kowa bayan sulhu, kuma a ƙasan ransa yana tsoron abin da zai ji. Ran nan matar ta gaji ta ce, "To, zauna da matacciyar maganar taka, ka ga ko za ta yi maka hira."

Kewarta ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi. Yana kewar dariyarta, yana kewar yadda take shigowa shago ta ture masa kaya ta ce Baba wurin nan kamar bola. Da safe, lokacin da 'yan makaranta ke wucewa, har yanzu hannunsa yakan tsaya da kansa, ya ɗaga kai ya dubi bakin layi, sannan ya tuna. Guntayen soson da ya kamata ya sayar wa masu cusa matashi sai ya bar su suka taru a kusurwar da take zama, yana cewa farashin bai yi masa ba. Bai daina zuwa roƙo wa mutane ba. Yakan dawo an sasanta, ana sa masa albarka, ya zauna a kan bencinsa ya ji babu daɗin komai. Ya shirya mutanen layi kaf da junansu, ga shi 'yarsa ta cikinsa sai a hoton waya yake ganin yadda ta yi ƙiba, da jikarsa da ba ta san ƙamshin shagonsa ba.

Shekaru suka tafi a haka, har yanar ido ta rufe wa matarsa gani aka ce sai an yi aiki. Malama ta zo jinya, ita kaɗai, da 'yar ƙaramar jaka, ta ce kwanaki kaɗan aka ba ta a wurin aiki. Ya ji muryarta a tsakar gida ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya fito ya ɗinka wa wata kujera yadi a baibai, sai da ya farke.

Ya ba ta lokaci ta huta. Ya jira ranar da aka sallamo uwar daga asibiti, aka ci abincin rana, gida ya yi shiru. Uwar tana kwance a ɗaki da bandeji a ido, ƙofa a buɗe. Malama tana falo tana jera magunguna a kan tebur. Ya yi wanka ya sa rigar fita, a cikin gidansa, ya yi sallama ya shiga. Ta nuna masa kujera. Ya yi godiya ya nemi ƙasa, gwiwar tana ƙara.

Ta ajiye kwalbar maganin a hankali. "Baba, yanzu za ka cire hula."

Hannunsa ya riga ya kai ga hular. Ya tsaya a nan.

"Sai ka bar ni in yi ta magana har in gaji. Sai ka ce mun yi laifi. Sai ka yi shiru." Ba da tsiwa take faɗa ba. "Daga nan sai ka ce in dubi Mama da ke kwance. In na ƙi, ka ce gobe ma rana ce. Ka jira sai da na ci abinci, ko ba haka ba?"

Ya sauke hannunsa daga hular.

"A gabana ka yi wa mai injin wuta wannan. Ka yi wa wanda ya manta surukarsa. Ni ma a layinsu za ka sa ni?" Ta share ido da bayan hannu. "Don Allah ka tashi, Baba. Ba na son ganinka a ƙasa. In yafiya kake so, na yafe, tun tuni. Ba ita ce matsalar ba."

Daga ɗaki uwar ta ce, "Na gaya maka kada ka sa rigar nan. Ido ɗaya gare ni yau, amma tun daga nan na ji ƙamshin turaren."

Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Abin da ya fi ƙona shi shi ne, duk kalmar da ya zo da ita da gaske yake, amma ya yi ta ara wa mutane har ta zama kayan aiki, kamar gudumarsa. Ya koma shago ya zauna bai taɓa komai ba. An ce an yafe masa, kuma ya fi kowa sanin irin wannan yafiyar. Ita ake ba mutum don ya tashi ya tafi.

Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi gidan tsohuwar shugabar makarantar, wadda ta daɗe da yin ritaya, ya tafi da hantsi, ba tare da ya damu ko ta karya ba. Ya tarar da ita a baranda, ta tsufa, tana zaune a wata kujera da ta lotsa har ƙasa. Idonsa ya ga soson, bakinsa bai ce komai ba. Aka ba shi kujera ya zauna a kai, hularsa a kansa. Zaman ya yi masa wani iri, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba.

"Ranki ya daɗe, na taɓa zuwa ofishinki na ba da haƙuri a kan 'yata. Na zo in janye."

Ta daɗe tana lalube a ƙwaƙwalwarta. Can ta ce, "Af, malamar nan mai zafin hannu. Ai Baba mun yafe mata tun a ranar. Kai ma ka iya magana, har yau ina tuna yadda ka sa matar nan kuka."

"Ba ta yi ba."

"Kai ka ce ta yi."

"Na ce. Ban tambaye ta ba."

Matar ta gyara tabarau ta dube shi, ba da mugunta ba. "To, shatin yatsu dai na gan shi da idona. In ba dukanta ta yi ba, me ya faru?"

Ya zo kare 'yarsa, shi da bai taɓa musu da kowa ba, aka yi masa tambaya ɗaya tak, ya rasa amsa. Duk shekarun nan yana kwana yana tashi da maganar, bai san me ya faru a ajin ba. Matar ta ce a kawo masa ruwa. Ya ce ya gode, ya tashi ya fito, ya taka har gida a ƙasa ba tare da ya ji gwiwar ba.

Bai gaya wa kowa inda ya je ba. Ya so ya tare Malama a ranar, amma duk lokacin da ya doshi ƙofar falo sai ya ji kalmomi suna jeruwa a kansa da kansu, masu kyau, masu santsi, sai ya juya. Haka kwanakin suka ƙare.

Ranar tafiyarta ya riga ta ɗaukar jakar. Ta ce ya bari, ya yi kamar bai ji ba. Ya fito da kayan aikinsa a jiki, da guntun soso a gemu. Suka taka zuwa tasha, shi a gaba ita a baya. Motar ba ta cika ba, saura mutane kaɗan. Ta ajiye gyalenta a kujerar gefen taga don kama wuri, ta sauko, suka zauna a kan wani benci a inuwar rumfar mai shayi, jakar a tsakaninsu. Masu lodi suna ta kiran fasinja.

Ya yi gyaran murya. Abin da ya fito ba shi da kai ba shi da gindi.

"Yarinyar nan. Ta ranar nan. Hannunta." Ya dube ta. "Yaya aka yi?"

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe. Ya ga tana neman dabarar a fuskarsa, ya bar ta ta nema, don babu.

"Tagar ajinmu tana da tsawo," ta ce a hankali, tana kallon ƙasa. "A bene muke. An tashi hutun tara, yara sun fita, ni ina goge allo. Ita ta dawo ɗaukar robar ruwanta. Sai ta ji ƙawayenta suna kiranta daga ƙasa. Ta ja tebur ta hau, ta leƙa. Ƙarfen tagar guda ya daɗe da cirewa, na yi ta faɗa a gyara. Ina juyowa na ga rabin jikinta a waje, teburin yana zamewa."

Ya kasa kunne, ta ci gaba.

"Ban san yadda na tsallake kujerun ba. Hannunta kawai na samu. Na fizgo ta muka faɗi tare. Ta tsorata, ta yi ta kuka, ba ta san me ya same ta ba, abin da ta sani Anti ta ja ta da ƙarfi. Mai shara ta gani daga ƙofa. Da aka ce in tafi gida, gidanta na fara zuwa, ta ce gobe za ta zo ta faɗa a gaban kowa. Shi ya sa na yi latti." Ta ja numfashi. "Da gari ya waye ta ce min, Malama, mahaifinki ya riga ya amsa, ni mai shara wa zai saurare ni? Kuma in aka yi maganar taga, makaranta ce za ta shiga uku, ita kuma a kore ta."

Wani yaron mota ya buga jikin motar yana cewa saura mutum ɗaya.

"A hanya ina ta sauri," ta ce, yanzu hawayen suna zuba ba ta share su. "Ba don aikin ba. So nake in zo in gaya maka na ceci yarinya. Na ce yau Baba zai ji abin da Uwarsa ta yi. Na shigo na tarar ka fita."

Ya ji maganar ta sauka masa har cikin ƙashi. Kalmar da ya fi kowa iya faɗa ta taso masa har maƙogwaro, ya danne ta. Ya zauna da nauyin a yadda yake.

"Da hannu ɗaya?" ya ce daga ƙarshe. "Ke da ko buhun soso ba kya iya ɗagawa?"

Dariya ta kufce mata a cikin kukan. "Da hannu ɗaya, Baba. Haka."

Ta miƙo hannu ta cafki damtsensa, ta matse da dukkan ƙarfinta, ta fizgo shi har ya karkato ta kan jakar. Rabon da ta taɓa shi tun kafin ranar. Ba ta saki da wuri ba. Direba ya tayar da mota ya danna ham, sannan ta saki, ta ɗauki jakarta ta hau. Ta taga ta ce masa wani abu, ƙarar injin ta cinye, ya ga leɓenta kawai. Ya tsaya har motar ta fita daga tasha ta shiga titi.

A hanyar gida wurin yana masa zafi. Ya tsaya a gefen wani kanti ya naɗe hannun riga ya duba. Ga shatin yatsunta nan a fatarsa, sun fara yin ja. Ya san kafin yamma za su baje. Ya sauke hannun rigar a hankali don kada ya goge su, ya ci gaba da tafiya, ya riƙe hannun nesa da jikinsa.